Matakan da za ka bi idan cutar bakteriya ta shiga tankin kifinka

Tun da zafi ya kankama tambayoyin masu kiwon kifi suke ta shigowa, daga Samaru, Dakace, Basawa har Wusasa a nan Zariya, kuma kusan duk magana ɗaya ce: tarwada ta fara miki, tana mutuwa da ɗaiɗai, wane magani za a zuba a ruwa? Magani yana nan, amma shi ne mataki na shida. Wanda ya tsallake biyar ɗin farko ya fara da shi, galibi yakan yi asarar kuɗin maganin ya kuma yi ta kifin. Yawancin ƙwayoyin bakteriyar da ke kashe kifi dama suna zaune a cikin ruwan tankinka, ba sa samun galaba sai ruwa ya ɓaci, ko kifi ya ji rauni, ko cunkoso ya yi yawa. Don haka jerin matakan nan yake da muhimmanci, a bi su yadda suka zo.

Kayan da ya kamata su kasance a hannu

Ma'aunin zafin ruwa, kayan gwajin pH (awon tsamin ruwa) da amoniya da naitirait (gubar da dattin kifi ke tarawa a ruwa), ƙaramin sikeli mai auna giram irin na masu sayar da gwal, babban sikeli na kilo, tef ɗin awo, buhun gishiri, safar hannu ta roba, reza ko almakashi mai kaifi, baho ko ƙaramin tankin da babu kowa a ciki, da littafin rubutu. Kowane tanki ya samu komarsa da bokitinsa. Ana samun yawancin kayan nan a shagunan maganin dabbobi da na abincin kaji a Sabon Gari da Samaru. Farashi yana canjawa kusan kowane mako, saboda haka ka auna tsadarsu da wannan: abinci ne ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin kiwon tarwada, kuma duk kifin da ya mutu a wata na uku ya tafi da abincin wata uku a cikinsa.

1. Tsayar da abinci, kwashe matattu, fara ƙirga

Da zarar ka ga kifi sun rage cin abinci ko ka tsinci matattu fiye da yadda aka saba, ɗauke hannu daga ciyarwa na kwana ɗaya zuwa biyu. Tarwadar da ta wuce yatsa ba za ta mutu da yunwar kwana biyu ba, amma abincin da ba a ci ba yana ruɓewa ya zama amoniya. Kwashe matattu safe da yamma, domin tarwada tana cin 'yar'uwarta, kuma wadda ta ci mushen mai cuta ta haɗiyi cutar kenan. Waɗanda ke tsaye cak a saman ruwa, kai sama wutsiya ƙasa, ko suka raɓe a kusurwa, ka mayar da su bahon da ka tanada.

Rubuta adadin da ya mutu kowace rana, domin yanayin mutuwar kansa bayani ne. Idan kifi suka mutu da yawa a dare ɗaya, musamman da asuba, manya kafin ƙanana, to ka fara zargin ƙarancin iska ko guba. Idan yau 3, gobe 8, jibi 20, wannan tafiyar cuta mai yaɗuwa ce.

Gargaɗi: kada ka jefa wa kare ko kaji matattun, kada kuma a kai su banda. Haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya ka binne. Sa safar hannu, domin ƙwayoyin bakteriyar kifi irin su Aeromonas da Edwardsiella da Streptococcus suna iya shiga jikin mutum ta ciwo, kuma ƙayar tarwada ba ta da wuyar suka.

2. Auna ruwa, sannan ka canja shi

Nan ne mutane suka fi yin sakaci, kuma dalilin a fili yake. Tarwada tana iya shaƙar iska daga sama, sai ta yi ta rayuwa a ruwan da ya riga ya lalace, mai ita yana ganin komai lafiya. Ba ta mutu ba, amma ƙarfin jikinta na kare kai ya riga ya karye. Karfasa ba ta da wannan juriya, ita nan take za ka ga tana haki a saman ruwa.

Auna kafin ka canja, don ka san abin da ya faru. Ana son pH tsakanin 6.5 da 8.5, zafin ruwa tsakanin digiri 26 da 30. Amoniya da naitirait kuwa, gwargwadon kusancinsu da sifiri gwargwadon lafiyar kifi. Ka sani cewa amoniya tana ƙara zama guba idan pH ya hau kuma ruwa ya yi zafi, abin da ke faruwa kenan da rana tsaka a Maris da Afrilu a tankin tamfol da ke fili babu rumfa. Idan naitirait ne ya yi yawa, jinin kifin yakan koma ruwan ƙasa maimakon ja.

Zubar da kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin ruwan, ta ƙasa, don dattin da ya kwanta ya fita, ka cika a hankali. Maimaita kullum har awo ya daidaita.

Gargaɗi: bambancin zafi tsakanin tsohon ruwa da sabo kada ya wuce digiri 2 zuwa 3. Ruwan da ya wuni a baƙin tankin sama a watan Afrilu yana iya zama kamar na wanka, kada a sake shi a kan kifi da azahar, a bari sai da sassafe. A lokacin hunturu, Disamba da Janairu, sanyin dare kan sauke zafin tanki ƙasa sosai, sai a rufe shi da leda da dare a bar kafar iska. Ruwan famfo a bar shi ya kwana a buɗe saboda kulorin. Sannan ruwan da ka zubar kada ya bi kwata ya gangara Kubanni ko Galma, akwai masu lambu da wasu masu kiwon a ƙasa da kai.

3. Duba kifin a hannu, waje da ciki

Ɗauki uku zuwa biyar daga cikin masu jin jiki waɗanda ba su mutu ba tukuna. Shimfiɗa su a kan jiƙaƙƙen buhu a wuri mai haske. Fara da fata, gashin baki, fukafukai, ido da dubura. Ɗaga murfin kumatu ka ga jar tsokar da kifi ke numfashi da ita, lafiyayya ja ce wur, babu yauƙi mai yawa, babu ɓangaren da ya zagwanye. Sannan ka kashe kifin, ka tsaga cikin daga dubura zuwa ƙirji, ka duba hanta, saifa, ƙoda da hanji.

Aeromonas ita ce aka fi cin karo da ita a tarwada. Za ka ga jajayen tabo a ciki da gindin fukafukai, miki mai jan baki wanda wani lokaci har tsoka ta bayyana, ciki ya kumbura, in ka tsaga sai ruwa mai launin rawaya ko mai jini-jini ya zubo, hanta ta koɗe, saifa ta yi girma. Takan biyo bayan tantance manyan kifi da ƙanana, ko jigila, ko ɓacin ruwa.

Flavobacterium columnare tana cin waje ne. Farin tabo ko mai ɗan rawaya a baya, yakan zagaye gindin fiffiken baya, gashin baki ya gutsuttsure ya yi fari, wutsiya ta yayyage, tsokar numfashi ta ruɓe daga baki-baki. Tana son ruwa mai ɗumi, kuma a 'ya'yan kifi tana iya share tanki cikin kwana biyu ko uku. Ana yawan ɗaukarta a matsayin fumfuna saboda farin da take yi.

Edwardsiella tarda tana yin ƙurji a cikin tsoka, ya kumbura da iska, in an huda shi wari ya tashi wanda ba za ka manta ba. Ita ce ta daɗe tana addabar masu kiwon Anguilla, dogon kifin nan mai siffar maciji da ake kiwo a Japan, Taiwan da Sin, inda take lalata masa hanta da ƙoda. Ba ma kiwon wannan kifi a nan, amma ƙwayar ba ta zaɓe, tana kama tarwada da karfasa. Cututtukan Vibrio da su ma ke damun wancan kifin sun fi zama a ruwan gishiri, ba su ne abin fargabar mai tanki a Zariya ba.

Streptococcus ta fi kama karfasa, a tsananin zafi. Kifin yana juyi a ruwa kamar mai hajijiya, ido ya firfito ya yi hazo, jiki ya yi duhu.

Gargaɗi: ba kowace cuta ba ce bakteriya. Fashewar ƙoƙon kai a tarwada tana da alaƙa da ƙarancin bitamin C da mummunan ruwa, antibayotik ba ya gyara ta. Kifin da ke goga jikinsa a bango yana wulƙawa, galibi ƙananan ƙwari ne a fatarsa. Kuma alamun da na lissafa suna shiga cikin juna, ido kaɗai ba ya raba su, sau da yawa ma ƙwaya biyu ce a kifi ɗaya. Wannan duba na taimaka maka ne ka yi wa likita bayani, ba ka zama likitan ba.

4. Lissafa ruwan, zuba gishiri

Kafin ka zuba komai a tanki sai ka san litar da ke ciki. Tsawo sau faɗi sau zurfin ruwa, duk a mita, sannan sau 1,000. Zurfin ruwan za ka auna, ba tsayin bango ba. Tanki mai mita 3 da mita 2, ruwa ya kai mita 1, lita 6,000 kenan.

Gishiri kilo 1 zuwa 3 ake sawa a kowace lita 1,000. A misalinmu, in ka ɗauki kilo 2, kana buƙatar kilo 12. Narkar da shi a bokiti tukuna, ka watsa ko'ina, rabi da safe rabi da yamma. Ga ƙananan 'ya'yan kifi tsaya a kilo 1. Gishiri yana rage wa kifi mai miki wahalar daidaita ruwan jikinsa, yana tare gubar naitirait, yana kuma rage wa columnare damar maƙalewa a fata. Ba ya tashi da iska, saboda haka idan ka canja rabin ruwa, rabin gishirin kawai za ka mayar. Wanda ke zuba cikakken awo kullum ba tare da lissafin abin da ya rage ba, zai wayi gari ya ƙona kifinsa.

Idan matsalar ta fata ce da tsokar numfashi, akwai fotasiyam famanganet, garin nan mai launin shunayya da ake rubuta wa KMnO4. Giram 2 ne a lita 1,000, wato giram 12 a tankin misalinmu. A narkar, a tace, a watsa bayan an canja ruwa, domin datti yana cinye ƙarfinsa. Ana so ruwan ya riƙe launin hoda na aƙalla awa huɗu. In ya koma ruwan ƙasa da wuri, ruwan ne da datti.

Gargaɗi: tarwada ba ta da ɓawon da zai kare fatarta, kuma wannan gari yana ƙuna. Da sikeli ake auna shi, ban da cokali, ban da kintace. Gwada a kifi biyar a baho kafin tanki gaba ɗaya. Kada a haɗa shi da fomalin, wani sinadarin kashe ƙwarin fatar kifi, kada a maimaita shi kullum. Kuma daga shi har gishiri babu mai kaiwa ga ƙwayar da ta riga ta shiga jini.

5. Kai samfur wurin likitan dabbobi

Mu a Zariya Allah ya hutar da mu doguwar tafiya. Jami'ar Ahmadu Bello tana da tsangayar likitancin dabbobi da asibitin koyarwarta a Samaru, ga kuma NAERLS mai aikin wayar da kan manoma. Abin takaici ne mutum yana zaune a Palladan ko Hanwa ya zubar da kuɗi a magani kala uku bisa shawarar waya, alhali wurin da za a duba masa kifin bai fi kuɗin Keke Napep ba.

Kai kifi uku zuwa biyar masu rai waɗanda alamun suka bayyana a jikinsu, a bokiti da ruwan tankinsu. In sun mutu a hanya, sa su a leda a ɗora kan ƙanƙara, amma kada a daskarar da su. Kifin da ya kwana a mace ba shi da amfani, ƙwayoyin ruɓa sun riga sun cika shi. Ɗebi ruwan tanki a wankakkiyar gora daban. Tafi da littafinka da ledar duk maganin da ka riga ka yi amfani da shi, ka faɗi gaskiya a kansa. Nemi a shuka ƙwayar, wato a raya ta a ɗakin gwaji don a gane ta, a kuma gwada wane antibayotik ne ke kashe ta. Sakamakon yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku, kuma a wannan tsakanin matakai na 1, 2 da 4 suna ci gaba.

Gargaɗi: ɗauki samfurin kafin ka fara antibayotik, in ba haka ba ƙwayar na iya ƙin tsirowa a gwajin.

6. Antibayotik a cikin abinci, bisa nauyin kifi

Kafin ka saya, tsaya ka yi lissafi. Idan kifinka sun riga sun kai girman kasuwa kuma ba ka ba su wani magani ba, wani lokaci ya fi riba ka kwashe lafiyayyun ka sayar, ka binne masu miki, maimakon kwana 10 na magani da wasu makonni na jira kana ciyarwa.

In magani za a yi, a abinci ake bayarwa. Zuba shi a ruwa, kamar yadda aka saba, ɓarna ce. Oksitetirasaikilin yana ɗaurewa da sinadaran kalsiyam da maganiziyam na ruwa ya rasa ƙarfi, hasken rana yana lalata shi, ɗan abin da ya kai jikin kifi bai isa ya kashe ƙwayar ba, sai dai ya koya mata jure maganin.

Fara da nauyin kifin. Auna guda 20 tare, raba da 20, ka ninka da adadin da ya rage a tanki. A ce kifi 1,000 ne, kowanne giram 200, kilo 200 kenan. Awon oksitetirasaikilin da aka saba shi ne miligiram 55 zuwa 83 ga kowane kilo na kifi a rana, har kwana 10. In likita ya ce 75, to 75 sau 200 ya ba da miligiram 15,000, wato giram 15 a rana. Amma wannan zallar maganin ne, garin da ke cikin leda gauraye yake. In an rubuta 20% a jikinta, giram 75 za ka auna, in 5% ne, giram 300. A wannan gaɓar ce wasu ke ba da kashi ɗaya cikin biyar na abin da ake buƙata, sannan su ce maganin jabu ne. Fulorfenikol kuwa miligiram 10 zuwa 15 ne ga kilo, shi ma kwana 10. A miligiram 10, kifin misalinmu na buƙatar giram 2 na zalla, ko giram 20 na gari mai 10%. Da wannan lissafin za ka san ledoji nawa za ka saya na kwana 10 cif, ka saye su gaba ɗaya tun ranar farko.

Dama maganin rana ɗaya a man gyaɗa ko man kifi, kamar babban cokali biyu ga kilo ɗaya na abinci. Yayyafa a kan ƙwayar abincin kana juyawa a roba har kowace ta jiƙa, ka baza a inuwa ta sha iska. Marar lafiya ba ya cin yadda ya saba, don haka ka sa maganin a cikin adadin da ka tabbata za su cinye, ko da rabin na kullum ne. Ba su shi da farko suna cikin yunwa, kaɗan-kaɗan, kana kallo. Kullum a haɗa sabo.

Wanda ya daina ci gaba ɗaya magani ba zai kai gare shi ba, waɗanda ke ci kake ceto. Mutuwa takan fara raguwa a kwana na uku zuwa na biyar. In ba ta ragu ba, koma wurin likita, kada ka ƙara wani maganin a kai da kanka.

Gargaɗi: cika kwana 10 ko da kifin sun warware a na huɗu. Ka nisanci kuloramfenikol, furazolidon da malakait girin, an haramta su a dabbobin da ake ci a Tarayyar Turai da Amurka da wasu ƙasashe da dama saboda illarsu ga mutum. Kada ka ɓare kafson mutane daga kemis ka zuba wa kifi. Duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki a jikin leda.

7. Jira kafin ka sayar

Bayan ranar ƙarshe ta magani, kwana 21 ake jira a oksitetirasaikilin, kwana 15 a fulorfenikol, sai dai in takardar maganin ta faɗi fiye da haka. A hunturu ƙara kwanaki, domin jikin kifi yana jinkirin fitar da magani a ruwa mai sanyi. Na san dillali zai zo da kuɗi a hannu, ga bashin abinci yana jira. Amma wannan kifin farfesun wani gida ne, yara za su ci, mai juna biyu za ta ci, ba su kuma san abin da ke cikinsa ba. Amana ce, ka rubuta ranar a bangon tanki don kada a yi mantuwa.

8. Wanke wuri kafin sabon zubi

Tankin siminti ko na tamfol, a zubar da ruwa, a goge yauƙin bango da burushi tukuna, domin kulorin ba ya ratsa datti. In ruwan bilicin da ka saya 3.5% ne, mililita 120 a lita 20 na ruwa ya isa. Jiƙa bango, bututu, koma, bokiti da takalmin roba na awa ɗaya, ka ɗauraye sosai, ka bar su a rana kwana biyu ko uku har warin ya tafi. Ragowar kulorin tana kashe 'ya'yan kifi nan take. Ramin ƙasa kuwa a bar shi ya bushe har ƙasa ta tsattsage, a kwashe baƙin taɓo, a barbaɗa laim mai zafi, wato farar hodar ƙonannen dutse mai ƙuna, giram 100 zuwa 200 a kowace murabba'in mita, a jira mako biyu, a auna pH kafin zubi. Laim ɗin gyaran gona ba ya kashe ƙwayar cuta, ka tambayi mai shago wanne yake ba ka, kuma ka kare idonka da hannunka wajen barbaɗawa.

Sababbin 'ya'yan kifi a ɗauko su da sassafe, a bar jarkarsu a kan ruwan tanki minti 20 zuwa 30 ana ƙara musu ruwan kaɗan-kaɗan, a ajiye su daban na mako biyu kafin su haɗu da wasu. In cunkoso ne ya jawo maka cutar, rage adadin wannan karon. Ranar tantance manya da ƙanana, a hana su abinci tun daren jiya, a yi aikin da sanyin safiya, a sa gishiri bayan an gama, saboda raunin ƙaya da na koma shi ne ƙofar Aeromonas. Masu ba da hanjin kaza ko mushen kaji, a dafa shi ya nuna sarai, ɗanye hanya ce ta kai cuta tanki da hannunka. Buhunan abinci a ɗora su kan katako nesa da bango, musamman a Agusta da laima ke yawa, kuma wanda ya yi fumfuna ko ya canja wari a zubar. Sayi abin da zai ƙare cikin wata ɗaya zuwa biyu, domin bitamin C yana raguwa a abincin da ya daɗe a ajiye cikin zafi.